Sandar Illa Mai Zane Biyu

Ku da kuke zama a bencin rumfata kuna latsa salula, kuna cewa aikin makaniki yanzu ya zama wasa, wai akwati ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da bakinta, ku ɗaga kai ku dubi sandar nan da ke rataye a bango. Reshen geza ne, tsawon kamu biyu, ya sha gazuwal, man dizal ɗin nan, har ya yi baƙi. Akwai zane biyu a jikinsa da aka yi da wuƙa, tsakaninsu yatsa uku. Na fi ji da sandar nan a kan duk kile da turnabis, wato sufana da sukudireba, da na mallaka, domin ba don ita ba da yanzu wani ne ke zaune a rumfar nan, ni kuwa ina gida ina ba awaki harawa. Ni ne Nomau, makanikin tashar Buza, kuma yau sai kun ji yadda aka yi.

Aikin farko da aka bar ni in yi ni kaɗai, a garajin maigidana Asumana a Madawa, duba man inji ne. Lokacin na shekara biyu ba a ba ni komai sai wankin ƙarafa a cikin rabin tano, wato duro, na gazuwal, hannuwana duk sun tsage. Wani ɗan kasuwa daga Sabon Gida ya kawo motarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, taya biyu a kan tulin yashi, biyu a ƙasa. Na zaro ma'aunin mai na ga ya yi ƙasa sosai. Cikin rawar jiki na ɗura gwangwani biyu, ina jin kaina wani babba. Da aka tayar da injin, hayaƙi ya turnuƙe layin gaba ɗaya, har mai tuyar ƙosai ta tashi tana zaginmu.

Asumana bai doke ni ba, kuma da dukan ya yi da na fi samun sauƙi. Faranti ya ɗauko, ya zuba ruwa, ya ɗora mini a hannu biyu, ya ce in karkata. Ruwan ya taru a gefe ɗaya.

"Nomau, ruwan ga ya ƙaru?"

Na ce a'a.

"Ya ragu?"

Na ce a'a.

"To riƙe shi nan hak ka gane. Kahin ka auna komi ga mota, duba ƙasad da take tsaye bisanta."

Na riƙe farantin nan tun daga azahar har aka kira la'asar, masu wucewa suna tambayar ko sabon aikin garaji ke nan. Daga baya ya koya mini sauran: yadda ake kafa bakin turnabis a jikin inji a sa ƙotar a kunne a saurari abin da ke bugawa a ciki, yadda ake murza mai tsakanin yatsu a ji ko akwai garin ƙarfe, yadda launin hayaƙi ke faɗin abin da mota ke ƙonawa. Na shekara bakwai a hannunsa kafin ya sallame ni da akwatin kile da addu'a. Allah ya jiƙansa.

Da na dawo Buza, sandikan direbobi, wato ƙungiyarsu, suka ba ni wannan rumfa a cikin tasha, ita kaɗai ce ta gyara. Masu kawo mini aiki yawancinsu masu ƙananan motocin kaya ne, waɗanda ke kwasar albasa da gero da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwanni, a kan hanyoyin da dutse ke cin taya kamar yana jin yunwa. Tsofaffin motoci ne masu dogon tanki a gefe, bakin tankin a can baya. Allurar da ke nuna mai ta mutu a cikinsu tun kafin a haifi wasunku, saboda haka kowane direba yana da sandarsa a bayan kujera. Ya buɗe tanki, ya zura, ya zaro, ya ƙirga da yatsu. Direban Adar zai iya mance sunan surukinsa, amma ba zai mance yatsa nawa zuwa Madawa da dawowa ke ci ba.

A cikinsu duka babu wanda ya kai Illa ciwon kai. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka yana da izinin zagina ni ma ina da nasa. Motarsa ta girme wa matarsa ta biyu, amma idan ya kawo ta sai ya tsaya a kaina yana gaya mini inda zan taɓa.

Sai shekarar wahala ta zo, shekarar da mai ya yi tsada a Najeriya aka kuma rufe iyaka. Kun san yawancin man da muke sha a nan daga can yake fitowa, a cikin bido, wato jarka, a sayar a kwalba a bakin hanya. Kwalba ta zama abin lallashi. Direbobi suka daina juye man inji a kan lokaci, suka daina canza filtir, kowa hankalinsa yana kan tanki. Ina zaune a rumfa wuni guda, aikin da zan samu bai wuce ɗaure igiyar birki ba.

A wannan lokacin ne Shaibu ya zo. Mutumin Tamaske ne, magidanci, ya yi shekaru yana cin rani a Abijan, ya dawo da jaka cike da wasu ƙananan akwatuna koraye, kowanne bai kai akwatin ashana biyu ba. Sunansu pus. Ya ce idan aka jona wa mota ɗaya, tana gyara wa inji tunani, mai ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Waya biyu ne ke fita daga jikinta, idan aka haɗa da bateri sai wata ƴar fitila ta riƙa ƙyaftawa. Ya kafa tebur a gindin wata bishiyar bedi a mashigar gari, daidai inda hanya ke hawa tudu, kusa da masu sayar da mai a kwalba. Mutum ne mai fara'a da ladabi, ba ya wuce ni bai durƙusa ya ce "Baba, ina wuni" ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Illa ne ya fara sawa, don ya ba ni haushi. Bayan kwana biyu ya shigo tasha yana busa oda, sanda a hannu kamar wanda ya ci kokawa.

"Tsoho, tashi ka gani! Madawa tahiya da komowa yatsa shidda nika sha tun da nis sayi motag ga. Yau ukku! Ukku, Nomau! Shekara nawa kana murza min kusoshi, ba ka taɓa rage min ko rabin yatsa ba."

Na ce masa ƙarya yake. Ya rantse, kuma Illa duk iya shegensa ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Kafin kasuwa biyu ta ci, korayen fitilu suna ƙyaftawa a rabin motocin tasha. Kowa ya dawo daga hanya sai ya tsaya wurin Shaibu, ya zura sanda a gaban jama'a, a yi kabbara, sannan ya ƙara ƴan kwalabe ya shigo gari. Wasu har suna cewa motarsu tana hawan tudu kamar an cire mata kaya.

Wata safiya sarkin tasha, Alhaji Rabe, ya zo ya zauna a bencin nan da kuke kai. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na san akwai magana.

"Nomau, sandika sun zamna. Sunka ce mai pus shi ka taimakon mutane yanzu, kuma bai kamata shina bakin hanya cikin rana ba. Rumhwag gyara guda ce cikin tasha, ka sani. Sun ba ka har kasuwa biyu ka kwashe kayanka. Ni ban so ba, wallahi, amma an hi ni yawa."

Ban ɓoye muku ba, na ji tsoro. Mutum mai shekaruna idan aka tashe shi daga inda aka san shi, ya tashi ke nan. Babu wanda zai bi ni ƙofar gida da mota.

Aikin da na fara yi shi ne buɗe pus ɗin. Na karɓi ta wani direba da motarsa ke kwance, na sa bakin wuƙa na ɓalle murfin. Abin da na tarar a ciki: ƴar fitila, ɗan faifai kamar farce, sai sarari. Wayoyin biyu bateri kawai suke zuwa. Ba su taɓa pompon da ke tura mai ba, ba su taɓa hanyar mai ba, kuma motocinmu ba su da wata ƙwaƙwalwa ta lantarki da za a yi wa magana, ƙarfe ne da gazuwal. Na ɗauka na gama da Shaibu. Na kai tsakiyar tasha na nuna musu, sai suka fashe da dariya.

Illa ya ce, "To kai ka san abin da ke cikin salularka? In ka buɗe ta, muryad ɗiyarka ta Tawa za ka gani ciki? Mu sanda munka sani. Sanda ba ta ƙarya."

Gaskiya ni ma da sanda na yarda. Ko da Illa ya yi pan a dajin Keita a makon nan, mai ya ƙare masa a inda bai taɓa ƙarewa ba, cewa ya yi wani ne ya zuƙe masa da tiyo a kasuwa. Na kwana uku abin yana cina. Na san akwatin nan fanko ne, amma yatsa uku na Illa daga ina suke fitowa?

Ana saura kwana biyu wa'adina ya cika, na haɗiye girman kai na taka har gindin bedin Shaibu. A raina na ce idan abin gaskiya ne, gara in gani da idona in sallama. Ya tashi da sauri ya ba ni kujerarsa, ya zuba mini shayi, ya ajiye kofin a kan teburi. Ina kallon kofin nan sai na ga shayin ya kusa taɓa baki ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuwa da saura. Na ɗaga ido. Motoci uku ne a tsaye, duka hancinsu yana kallon tudu, kuma kowacce an tokare mata tayar baya da dutse don kada ta gangara. Wani direba yana can bayan tankinsa yana zaro sanda yana murmushi.

Wallahi sai da na ji nauyin farantin Asumana a hannuna. Bakin tanki yana baya, mota ta ɗaga hanci, duk man ya gangaro ya taru a ƙarƙashin sanda. Da safe suna aunawa a filin tasha inda ƙasa take shimfiɗe, da yamma su auna a kan gangare, sannan su ƙara kwalabe waɗanda babu biyu masu girma ɗaya, kafin gari ya waye babu mai iya gane inda aka kwana. Na shanye shayin, na yi wa Shaibu godiya har sau biyu. Ya yi mamakin yadda na sauko ina dariya ni kaɗai.

Ranar kasuwa, ranar da ya kamata in kwashe kaya, na tari Alhaji Rabe a gaban mutane na ce ina roƙon abu ɗaya kafin in tashi: a ba ni motar Illa da sandarsa na ɗan lokaci, a kuma kira Shaibu. Tasha ta cika, har masu awon gero suka bar buhunansu. Na ce wa Illa ya cire pus ɗinsa da hannunsa ya ba sarkin tasha ya riƙe. Ya cire yana gunaguni. Na ce ya auna mansa a nan filin tasha. Ya zura, ya zaro, na ba Alhaji wuƙa ya yi zane daidai inda mai ya tsaya. Shi ne zanen ƙasa da kuke gani.

Na ce, "Illa, tada ta mu tai gindin bedi. Ka tsaya inda ka saba tsayawa."

Motar ta hau tudu, jama'a na biye da ita a ƙasa kamar rakiyar alhaji. Aka tokare taya da dutse. Illa ya goge sanda da gefen rigarsa, ya zura, ya zaro. Mai ya wuce zanen da yatsa uku cur. Ya sake gogewa ya sake zurawa. Yatsa uku. Alhaji ya yi zane na biyu, hannu ɗaya riƙe da wuƙa, ɗayan riƙe da pus ɗin da ba a jone take da komai ba.

Na ce, "Barka, taubashi. Motarka ta ci hanya, ta hau tudu, kuma ta haihi mai. Gobe sai suna."

Aka kece da dariya har wani ya zauna a ƙasa. Na sa Illa ya juya motar hancinta ya kalli gangare, ya sake aunawa. Da kyar mai ya jiƙa bakin sanda. Ya tsaya yana kallon sandar kamar ta zage shi, ya ce, "Ashe ba a zuƙe min mai ba ga dajin Keita." Na ce an zuƙe mana, injinka ne ya zuƙe.

Amma Illa ba ya faɗuwa sau ɗaya. Ya ce to ƙarfin fa? Shi ya ji a ƙafarsa motar ta fi jan kaya. A nan Shaibu ya yi magana. Ya ce duk motar da zai sa wa pus, yakan fara cire filtir na iska ya kakkaɓe ƙurar, ya ƙara wa tayoyi iska, sannan ya gaya wa direba ya riƙa taka ta a hankali don pus ta saba da inji. Haka wanda ya sayar masa a Abijan ya ce a yi.

Na ce, "Illa, shekara nawa ina hwaɗa maka ka kakkaɓe filtir, ka duba iska, ka bar taka mota awa kana kashin kunama? Sai da anka haɗa maka da hitila kore kaj ji?"

Alhaji Rabe mutum ne mai son a gama magana har ƙarshenta. Ya sa muka ɗaura bido a bayan motar, muka ja tiyo daga ciki zuwa inji, aka yi Madawa da dawowa sau biyu da kaya iri ɗaya. Na rufe pus ɗin da tsumma na ɓoye wayoyin, Illa bai san ranar da take jone da ranar da ba ta jone ba. Abin da ya rage a bidon ranar farko, shi ya rage rana ta biyu. Illa kuwa ya rantse ranar da ya fi jin ƙarfi ita ce ranar da na cire wayar.

Ban ji daɗin ganin Shaibu a ranar nan ba, ko da yake na yi nasara. Bai cuci kowa da gangan ba. Shi ma a kan gangaren nan yake ganin sanda, shi ma ya yarda, kuma guminsa na shekaru ne a cikin jakar. Na same shi yana naɗe teburinsa, na ce masa na ga yadda yake haɗa waya, hannunsa yana da tsabta, ni kuwa lantarkin sababbin motoci ya fara fin ƙarfin idona. Na ce rumfar tana da faɗi.

Aikin farko da muka yi tare wata sabuwar kat-kat ce, wato jif, ta wani ɗan kasuwa daga Keita, irin masu ƙwaƙwalwa. Ita an sa mata akwati na gaske a can bakin teku, wanda ke ruɗin ƙwaƙwalwar ta riƙa zuba gazuwal fiye da ƙima. Ƙarfi kam ta yi, ba zan yi mata ƙarya ba, tana hawan tudu kamar an kore ta. Amma tana tafe tana baƙin hayaƙi, inji na zafi, tanki na ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Shaibu ne ya bi wayoyin ya gano inda aka ɓoye shi, ni na saurari injin bayan an cire na ce ya dawo hayyacinsa. Abin da na sani ke nan game da pus, iri biyu na gani a rayuwata: wadda ba ta yin komai sai ƙyafta ido, da wadda ke ba ka ƙarfi ta karɓa a tanki da lafiyar inji. Wadda ke ƙara ƙarfi ta kuma rage mai a tsohuwar motar albasa, har yau ban haɗu da ita ba.

Illa bai jefar da tasa ba. Tana nan a motarsa tana ƙyaftawa, wai da ita yake gane bateri na da rai. Sandar ce na ƙwace, na ce ladan aikina ke nan, ya je ya yanko wata.

Bayan kwana uku da gwajin, Alhaji Rabe ya shigo tasha da amalanke ɗauke da buhunan siminti da sabon kwano. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce sandika sun sake zama, rufin rumfar Nomau yana yoyo, kuma ana so a yi daɓe a gabanta inda kowa zai riƙa auna mansa. Shi ne daɓen da ƙafafunku ke kai yanzu. Ranar da aka zuba shi, magini ya ce ya daidaita, ya fara tattara kayansa. Na shiga ciki na ɗauko faranti na cika shi da ruwa, na miƙa wa Shaibu. Ya ajiye a tsakiya, muka durƙusa mu biyu muna kallo, direbobi a tsaye a kanmu. Ruwan ya kwanta daidai ta kowane gefe. Sannan na ce wa Illa ya shigo da motarsa.